Yadda Ake Zaɓen Rimot Na Rediyo Don Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Tsakar Gida

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, layin da aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina ya fita ta Jibiya, maganar jirgin ƙasa ta dawo bakin mutanen wannan yanki, kuma masu sha'awar ƙere-ƙere sun fara tambayar yadda ake shimfiɗa ƙaramin dogo a tsakar gida ko a lambu. Wannan sha'awa ta daɗe a Jamus da Ingila da Amurka. A 1968 ne kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg ya fito da jiragen LGB, masu tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45, waɗanda aka ƙera su da niyyar su zauna a waje su jure rana da ruwa, a ma'aunin 1:22.5, wato an rage ainihin jirgin sau ashirin da biyu da rabi. A Ingila sun fi son ma'aunin 1:19 a kan dogo mai faɗin milimita 32 ko 45, Amurkawa kuma suna yawan amfani da 1:29 da 1:20.3. Duk wanda ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan jirage, ba zai jima ba zai so ya riƙa sarrafa shi daga inda yake zaune, ba tare da waya ta ɗaure shi a wuri guda ba.

Shawarata ga mai niyyar sayen rimot ita ce kada ya fara da kallon rimot ɗin. Ya fara da kan jirgin da yake da shi, sannan ya dubi yanayin gidansa, sannan ya tambayi kansa abin da zai yi ranar da wani ɓangare ya lalace alhali mai sayarwa yana wata nahiya. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su rage masa yawan zaɓin da ke intanet zuwa biyu ko uku.

Dalilin raba jirgi da wutar dogo

Yawancin jiragen lantarki na wannan girma suna fitowa daga kamfani da shirin shan wuta ta cikin dogo. Taransifoma tana zuba wuta mai ƙarfin da ya kai bolt 18 zuwa 24 a ƙarafunan biyu, ƙafafun jirgin da wasu 'yan takalman ƙarfe da ke gogar dogon suna ɗauka su miƙa wa moto. A cikin ɗaki wannan tsari ba shi da aibi. A tsakar gidan Katsina kuwa labarin daban ne. Wanda ya goge dogonsa da yamma a watan Janairu, idan ya fito da hantsi ya shafa yatsa a kan ƙarfen zai ga yatsan ya yi fari fat da ƙurar hunturu, kuma wannan siririyar ƙurar ta isa ta sa jirgi ya riƙa tafiya yana tsinkewa, fitilarsa tana ƙiftawa, musamman idan ana so ya yi tafiyar a hankali. Da damina kuma ruwa yana fantsamo yashi da laka a kan dogo, mahaɗan ƙarafuna suna dusashewa, wuta ta kasa tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Zafin bazara shi ma yana buɗa ƙarfen da rana ya tsuke shi da dare, har mahaɗan su yi sako-sako. Ga kuma wutar lantarkin gida da ba kullum ake samunta a lokacin da yara suka taru suna son kallo ba.

Saboda haka akwai hanyoyi biyu na amfani da rediyo, kuma ya kamata a bambance su tun farko. A hanya ta farko rimot yana magana ne da wata na'ura da ke gefen dogo, ita kuma ta ƙara ko ta rage wutar da ke bin ƙarafunan. Wannan yana 'yantar da hannun mai jirgi, amma bai kawar da matsalar ƙura ko ta ɗaukewar wuta ba. A hanya ta biyu ana ɗora batir da risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, a cikin jirgin kansa, dogo ya zama hanya kawai wadda ba ta ɗauke da wuta ko kaɗan. Ni a ganina hanya ta biyu ce ta dace da ƙasarmu, kuma a kanta sauran bayanin zai tafi. Wanda ya bi ta ba ya bukatar goge dogo sai dai ya share tsakuwa da ganye, kuma yana iya juya layinsa ya koma kan kansa ta kowace siga ba tare da fargabar wayoyi su haɗu su yi tartsatsi ba.

Fara da sanin kan jirginka

Kan jirgi iri biyu ne, kuma abin da kowanne yake bukata daga rediyo ya sha bamban.

Na farko shi ne mai moton lantarki, kamar na LGB da Piko da Bachmann da USA Trains. Irin wannan yana bukatar risiba da kuma allon sarrafa gudu, wanda masu sayarwa suke rubuta wa ESC. Wasu kamfanonin suna haɗa biyun a allo guda, abin da yake rage yawan wayoyi, yana kuma taimakawa a ƙaramin kan jirgi irin Stainz na LGB, inda wuri ya yi ƙaranci ƙwarai. Abu biyu ake dubawa a jikin allon: iyakar bolt da yake ɗauka, da iyakar amfiya, wato yawan wutar da ke iya wucewa ta cikinsa. A nan ne masu sayen kayan motocin wasa na tsere suke yawan faɗawa rami. Allunan waɗannan motoci an yi yawancinsu ne don batir mai bolt 7 zuwa 12, alhali jirgin ƙasa yana son 14 zuwa 18 kafin ya yi gudun da ya kamata. Da yawa daga cikinsu kuma na moto mai waya uku ne, wanda ba shi da gawayin gogawa a ciki, alhali motocin jiragen nan masu waya biyu ne. Bayan haka, allon motar tsere yana ɗaukar ja da baya na farko a matsayin birki, sai an saki an sake ja kafin ya koma baya, kuma yakan zabura da ƙarfi tun daga tashi. Jirgin ƙasa kuwa kyansa ya motsa a hankali, taragai su miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Game da amfiya, kada a dogara da hasashe. Ƙaramin kan jirgi mai moto ɗaya ba ya yawan wuce amfiya 1 a tafiyar yau da kullum, amma babban kan jirgi mai moto biyu ko fiye, da fitilu da na'urar hayaƙi, yana jan taragai a hawa, yana iya shan ninkin haka sau da dama. Adadin da ya fi muhimmanci shi ne wanda moto yake sha idan ƙafafu suka cije suka ƙi juyawa, misali idan tsakuwa ta shiga tsakanin haƙoran giya. Auna wannan ba wuya: a ɗauki kan jirgin a kai wa mai gyaran waya ko mai gyaran rediyo da ke da mita da na'urar ba da wuta. Zai saita mitarsa a kan amfiya 10, ya jera ta a kan waya ɗaya da ke zuwa moto, ya ba da wuta, kai kuma ka danne jirgin a kan guntun dogo har ƙafafun su tsaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai, ya karanta lambar, a saki nan take don kada moto ya ƙone. Allon da za ka saya ya zama yana ɗaukar fiye da wannan lamba. Idan mai sayarwa ya rubuta lambobi biyu, ɗaya ta ci gaba da aiki ɗaya ta ɗan lokaci, ka yi hisabi da ƙaramar, domin a zafin Afrilu allon da ke rufe cikin jikin roba ba ya samun iskar da zai huce.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa. Allon sarrafa gudu yana aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta da sauri sosai. Idan saurin bai kai ba, moto yakan yi wani siririn kuka mai damun kunne a lokacin tafiyar a hankali. Allunan da ke yin wannan aiki a kusan sau 16,000 zuwa 20,000 a daƙiƙa ba a jin kukansu, kuma su ne suka fi dacewa da wanda zai sa wa jirginsa sauti.

Iri na biyu shi ne mai tururi na gaske, kamar waɗanda Roundhouse ke ƙerawa a Doncaster ta Ingila, ko na Accucraft. Wannan yana da tukunyar ruwa da ake dafawa da gas, kuma ba shi da moto balle ya nemi allon gudu. Abin da yake bukata shi ne ƙananan na'urori masu hannu da ake kira sarbo: ɗaya ta buɗe ko ta rufe famfon tururi, ɗaya ta tura sandar da ke juya tafiya gaba ko baya, wani lokaci da ta uku don usur. Sarbo tana aiki da bolt 4.8 zuwa 6, don haka ƙananan batura huɗu masu caji sun wadatar. Kusan kowace risiba ta gama-gari tana iya tuƙa sarbo, domin siginar da suke fahimta iri ɗaya ce a ko'ina. Abin lura shi ne rimot ɗin ya kasance yana ba da damar iyakance nisan da hannun sarbo zai yi tafiya da kuma juya alƙiblarsa. Idan babu wannan, sarbo za ta riƙa tura famfo bayan ya kai maƙura, tana gurnani tana shanye batir har haƙoranta su kakkarye. A nemi sarbo mai haƙoran ƙarfe, a kuma nisanta risiba da batir daga tukunya da murhu.

Zangon da rediyon yake aiki a kai

Tsofaffin rimot suna aiki a kan 27 MHz ko 40 MHz ko 75 MHz, da doguwar eriya da wani ƙaramin kiristal da ake cirewa a sauya. Idan mutum biyu suka yi karo a lamba ɗaya, jirgin wannan sai ya bi umarnin wancan, kuma tartsatsin moto yana sa su firgita. Har yanzu ana samunsu da araha a kayan gwanjo, amma ban ga dalilin da zai sa mai farawa yau ya saye su ba.

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma 2.4 GHz, zangon da Wi-Fi da Bluetooth na wayoyinmu suke amfani da shi. A wannan tsari ana gabatar da risiba ga rimot sau ɗaya, ta haddace lambarsa, daga nan ba ta sauraron kowa sai shi, kuma yawancinsu suna tsalle daga wannan gurbi zuwa wancan cikin zangon don kauce wa cunkoso. Mutum goma suna iya tuƙa jiragensu a dogo ɗaya ba tare da rikici ba. Eriyar risiba gajera ce, tsiraicin bakinta bai wuce kimanin milimita 31 ba, kuma ba a yanke ta, ba a ƙara mata tsawo.

Sai dai a kula da wani zango na uku. Wasu tsare-tsaren Amurka, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne AirWire na kamfanin CVP, suna aiki ne tsakanin 902 da 928 MHz. A can wannan zango a buɗe yake ga kowa. A Nijeriya kuwa wani ɓangarensa ya hau kan zangon GSM 900 da kamfanonin waya suke amfani da shi bisa lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, inda wayoyin hannu ke aika sigina tsakanin 890 da 915 MHz. Na'urar tana da kyau a ƙasar da aka yi ta dominta, amma mai gida a Ƙofar Ƙaura ko a Daura, wanda wayoyi suka kewaye shi ta ko'ina, gara ya tsaya a kan 2.4 GHz.

Wannan zango yana da rauninsa guda biyu da ya kamata a sani. Ƙarfe yana tare shi, ruwa kuma yana shanye shi. Idan jikin kan jirgin na tagulla ne ko na ƙarfe, risibar da aka rufe a ciki za ta zama kurma. Sai a fito da bakin eriyar ta tagar ɗakin direba, ko a ɓoye shi a ƙarƙashin tulin gawayin roba, kada ya jingina da ƙarfe ko ya kwanta kusa da moto. Haka nan tankin ruwa, da jiƙaƙƙiyar katanga, da shukoki masu duhu bayan an yi ruwa, har da jikin mutanen da suka tsaya kallo, duk suna rage nisan sigina. A tsakar gida mai tsawon mita 20 ko 30 wannan ba ya cika zama matsala, amma wanda layinsa ya zagaya bayan ɗaki ko ya shiga rami sai ya gwada kafin ya rufe jikin jirgin.

Siffar rimot ɗin da za a riƙe

A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma a nan ne kuɗi suka fi bambanta.

Mafi araha kuma mafi sauƙin samu shi ne rimot na gama-gari mai sanduna biyu, irin na ƙananan jiragen sama, daga kamfanoni kamar FlySky da Spektrum da Futaba. Risibobinsu suna da yawa a kasuwannin intanet, kuma masu harkar jirage marasa matuƙi suna amfani da irinsu, saboda haka wanda tasa ta lalace ba zai rasa madadi ba. Aibinsu shi ne girma, domin hannu biyu suke ci, kuma sandunan suna da sifirin da ke mayar da su tsakiya. Jirgin ƙasa yana iya yin rabin sa'a a gudu ɗaya, ba kuwa wanda zai so ya danne sanda tsawon wannan lokaci. Maganin shi ne a yi amfani da sandar da ba ta da sifirin, ko a buɗe bayan rimot a cire shi. Rimot mai kama da bindiga na motocin tsere kuwa, wanda ake jan kunamarsa da yatsa, bai dace da jirgin ƙasa ba sam.

Sai rimot da aka yi musamman don jiragen ƙasa, kamar na Micron da Fosworks a Ingila. Ƙaramin akwati ne da ke shiga tafin hannu, da maɓalli mai murɗawa don gudu, da makunnin gaba da baya, da 'yan maɓallan usur da fitila. Wasu suna da wani maɓalli mai matsayi 12 da ke ba mutum damar zaɓen kan jirgin da yake so ya yi wa magana, sauran kuma su ci gaba da abin da suke yi. A nan za a tarar da tsari biyu na maɓallin gudu. A ɗaya, tsayawa tana tsakiya, murɗawa dama gaba ne, hagu baya. A ɗayan, tsayawa tana ƙarshen hagu, ana zaɓen alƙibla da makunni dabam. Na farko ya fi sauƙi ga mai yawan haɗa taragai da raba su a tasha, na biyu kuma ya fi ba da tazara mai faɗi ta daidaita gudu, ya kuma fi aminci a hannun yaro, domin ba zai fizgi jirgi daga gaba zuwa baya da murɗa ɗaya ba. Ni na fi karkata ga wannan rukuni ga wanda yake da hali, saboda ana iya sarrafa shi ba tare da an ɗauke ido daga jirgin ba.

Rukuni na uku shi ne masu allon rubutu, irin Revolution da RailPro, waɗanda suke nuna sunan kan jirgi da gudunsa, suna kuma sarrafa sauti da fitilu masu yawa. Na huɗu kuma su ne masu amfani da wayar hannu ta Bluetooth ko Wi-Fi, kamar Blunami na SoundTraxx. Waɗannan na ƙarshe suna da jan hankali domin ba sai an sayi rimot ba, kuma sautinsu yana da daɗi. Amma a yi tunanin ranar Katsina da azahar, lokacin da fuskar waya ba ta ganuwa sai an kare ta da hannu, ga kira yana iya shigowa daidai lokacin da akuya ta tsaya a kan dogo. Gilashi ba shi da maɓallin da yatsa zai lalubo. Sannan rayuwar na'urar tana rataye da manhajar da kamfani zai ci gaba da sabuntawa ko ya daina.

Wannan ya kawo mu ga batun da na fi ba muhimmanci. Kusan kowane kamfani yana da harshen da na'urorinsa suke magana da shi, ko da duk suna kan 2.4 GHz. Risibar FlySky ba za ta saurari rimot na Spektrum ba, ta Revolution ba za ta saurari na RailPro ba. Wanda ya sayi rimot ya ɗaure kansa da risibobin da ke jin harshen wannan rimot ke nan, a kan kowane kan jirgi da zai ƙara nan gaba. Kamfanonin wannan harka kuma ƙanana ne, suna tashi suna faɗuwa. Lehmann da kansa ya durƙushe a 2006, Märklin ya karɓi LGB a 2007, Aristo-Craft na Amurka, wanda ya fara fito da Revolution, ya rufe a ƙarshen 2013. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, don haka a fifita tsarin da ya daɗe a kasuwa, wanda fiye da kamfani ɗaya ke yin risibar da ta dace da shi, kamar harsunan DSM2 da DSMX na Spektrum. A lissafa kuɗin risiba ɗaya a ninka da yawan kawunan jirgin da ake burin mallaka, domin wannan ne ainihin tsadar tsarin. Kuma tun a odar farko a haɗa da risiba ɗaya ta ajiya, tunda kuɗin aikowa da canjin dala sukan fi kuɗin ita kanta risibar ciwo.

A duba yawan hanyoyin umarni, waɗanda ake rubutawa CH1, CH2 da sauransu a jikin risiba. Gudu da alƙibla suna cin ɗaya ko biyu, usur ɗaya, fitila ɗaya. Huɗu zuwa shida sun ishi yawancin mutane.

Abin da jirgi zai yi idan sigina ta yanke

Wannan tambaya ce da ba a cika yi wa mai sayarwa ba, alhali tana da nauyi. Wasu risibobin suna tsayar da moto da zarar sun daina jin rimot. Wasu suna riƙe umarnin ƙarshe su ci gaba da tafiya. Masu layi mai zagaye sukan so na biyun, domin suna iya kashe rimot su zauna shan shayi jirgi yana ta kewayawa, kuma ba ya tsayawa a cikin rami inda hannu ba ya kaiwa. Amma idan layin yana da ƙarshe, ko an ɗaga shi a kan ginshiƙai, ko gidan yana da ƙananan yara da kaji, tsayawa ta fi aminci. Ga mai tururi kuwa ba na ganin akwai zaɓi: a saita sarbo ta rufe famfon tururi idan sigina ta ɓace, domin tukunya mai zafi da wutar gas ba abin da za a bari ya kife a kwana ba ne. Mafi kyawun risiba ita ce wadda take barin mai ita ya zaɓa da kansa.

Batir da zafin ƙasarmu

Batir gara a nema a gida, saboda kamfanonin jigila suna da tsauraran ƙa'idoji a kan ɗauko batirin litiyom ta jirgin sama. Wanda ya fi samuwa shi ne 18650, mai kauri milimita 18 da tsawo 65, irin wanda ke cikin tocila mai caji da fitilun sola da tsofaffin baturan kwamfuta. Kowane ɗaya yana ba da bolt 3.7, yana kai 4.2 idan ya cika. Huɗu a jere suna ba da 14.8, wanda ya ishi yawancin jirage tafiya mai kyan gani, biyar kuma suna ba da 18.5 ga mai son ƙarin gudu. A tuna cewa huɗun nan suna kai 16.8 a cike, biyar kuma 21, kuma da wannan lamba ta sama ake auna ko allon gudu zai jure. Lissafin daɗewa mai sauƙi ne: jerin da ke da 2600 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, a jirgin da ke shan amfiya 1, zai yi kimanin sa'a biyu da rabi. Ainihin 18650 ba ya wuce 3500 mAh ko kusa da haka, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 9900 a jiki ƙarya ce, kuma irinsa yakan yi sakayau a hannu. Masu gyaran waya da masu haɗa sola a Katsina, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sun san masu kyau, kuma a roƙe su su auna kowanne kafin a haɗa, a tabbatar duk iri ɗaya ne masu shekaru ɗaya.

Ba a haɗa jerin litiyom ba tare da allon kariya da ake kira BMS ba, wanda ke hana caji ya wuce kima ko batir ya zube ƙasa da iyaka. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce kada a yi cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45. A watannin Maris zuwa Mayu iskar Katsina kanta tana haura 40, kan jirgi baƙi da ya wuni a rana kuwa cikinsa ya fi haka nesa. Don haka a shigar da shi inuwa ya huce kafin a sa caja, a yi cajin a kan siminti nesa da katifa da labule, mutum yana kusa, kuma kada a bar shi a cikin mota a rufe. Wanda hankalinsa bai kwanta da wannan ba yana da mafita biyu: batura 12 na NiMH masu bolt 1.2 kowanne, waɗanda suke ba da 14.4, sun fi nauyi amma sun fi haƙuri, nauyin ma yana ƙara wa ƙafafu kama dogo. Ko kuma LiFePO4 mai bolt 3.2, irin wanda ake sa wa sola yanzu, wanda ya fi jure zafi. Kowane iri da cajarsa, ba a musanya su. Idan cajar daga Amurka ta zo, a karanta jikinta a ga ko tana karɓar bolt 230 na gidajenmu, domin wasu na 120 ne kawai.

Idan kan jirgin ya yi ƙanƙanta, a sa batir da risiba a taragon da ke biye da shi, a haɗa su da waya biyu masu filogi. Wannan dabara tana da wata riba, domin tarago ɗaya yana iya yi wa kawunan jirgi da yawa aiki bi da bi.

Haɗawa da gwaji

Aikin farko shi ne raba moto da dogo gaba ɗaya. A cire takalman ƙarfen nan, a yanke ko a zare wayoyin da ke zuwa daga ƙafafu, sannan a sa mita a tabbatar babu wata alaƙa tsakanin ƙafa da moto. Idan aka bar ta, batir zai zuba wuta a dogo, kuma ranar da aka ɗora jirgin a layin aboki mai wuta, allon zai ƙone. A wasu akwatunan moto na LGB na da, masu fil uku, ɗaya daga cikin wayoyin moto a haɗe take da ta dogo a ciki, sai an buɗe an raba su.

Daga nan jerin wayoyi shi ne: daga batir zuwa fis, daga fis zuwa makunni, daga makunni zuwa allon gudu, daga allon zuwa moto. Fis ɗin ya zauna kusa da batir iyakar iyawa, girmansa ya ɗan ɗara abin da jirgin ke sha a aiki, ya kuma gaza iyakar allon. Ƙananan fis na mota da ake samu wurin masu wayarin sun wadatar. Makunni mai matsayi uku ya fi, wato kunnawa, kashewa, da caji, don kada caja ta taɓa allon. A duba jan waya da baƙa sau biyu kafin a ba da wuta, domin alluna da yawa ba sa yafe juyin waya ko na ƙiftawar ido. A like mahaɗai da dalma a rufe su da robar da ke tsukewa da zafi, saboda salatif yana saki idan ya sha rana. Ramin caji da makunni a sa su a ƙarƙashi ko a cikin ɗakin direba, inda ƙura ba ta sauka kai tsaye.

Gwajin farko a yi shi ƙafafu suna sama, an ɗora jirgin a kan katako biyu. A kunna rimot kafin jirgi, a kashe jirgi kafin rimot. A murɗa a hankali a ga ko ƙafafu suna fara juyawa sannu, a tabbatar gaba gaba ce, idan ta zama baya a musanya wayoyin moto biyu. Sai a kashe rimot ƙafafu suna juyawa, a ga abin da risiba za ta yi. Bayan haka a sauke shi a dogo, a ajiye shi a wurin da ya fi nisa da ɓoyuwa a layin, a sa wani ya tsaya kusa da shi, kai kuma ka koma inda ka saba zama ka busa usur ko ka kunna fitila. Idan ya amsa, a ɗaura masa taragan da zai riƙa ja, a bar shi ya yi minti 15 yana zagayawa da rana, sannan a tsayar a taɓa allon gudu da batir da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan yatsa bai iya daɗewa a kai ba, a rage taragai, a huda wa jikin ƙofofin iska ta ƙasa, ko a nemi allon da ya fi wannan ƙarfi kafin a mayar da kusoshin jikin jirgin.